Tarihin Bin Sawun Gubar Fulorin Ta Hanyar Awon Ƙwayar Zarra

Abin da wannan lacca ta ƙunsa shi ne tarihin wata tambaya wadda ta fi shekara 50 tana damun masana kimiyya da lauyoyi da manoma a Amurka da ƙasashen Turai. Tambayar kuwa ita ce: idan an sami guba a rijiya, ko a kogi, ko a jinin mutum, alhali masana'antu da yawa suna yin irin wannan guba, ta yaya za a gane daga gidan wa ta fito? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, amma sanin cewa ruwa ya yi tsami daban, sanin wanda ya sa shi tsamin daban, kuma a gaban alƙali na biyun ne ke sa a biya diyya.

Gubar da ake magana a kanta wani dangi ne na sinadarai waɗanda ɗan Adam ya ƙera da hannunsa, masana suna taƙaita sunansu da haruffan PFAS. Sun kai iri dubbai, amma biyu ne suka fi suna, watau PFOA da PFOS. Da taimakonsu aka yi ta ƙera kaskon suya wanda abinci ba ya kamawa, da tufafin da ruwa ba ya jiƙawa, da takardar ƙunshe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar man fetur. Amfaninsu da illarsu duk tushensu ɗaya ne, watau ba su ruɓewa. Rana ba ta cin su, ruwa ba ya cin su, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da mushe da shara ba su iya taɓa su. Saboda haka ne tun daga 2018 jaridun Amurka suka laƙaba musu sunan da ke nufin sinadaran har abada.

Kafin a shiga tarihin sosai, ya kamata a yi ɗan bayani game da ƙwayar zarra. Duk abin da ke duniya, dutse ne ko ruwa ko nama, an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Kowane sinadari na asali, kamar ƙarfe da zinariya da dalma da kabon (shi ne sinadarin da gawayi ya ƙunsa), yana da irin tasa ƙwayar. Idan ƙwayoyi suka haɗu suka ƙulle da juna sai su zama dunƙule guda. Dunƙulen PFOA da na PFOS kowannensu sarƙa ce ta ƙwayar kabon takwas, an kewaye ta da ƙwayoyin wani sinadari mai suna fulorin, kuma ƙullin da ke tsakanin kabon da fulorin yana daga cikin mafiya tsauri da aka sani. Wannan ƙulli shi ne sirrin rashin ruɓewarsu.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 an ɗauka cewa ƙwayoyin sinadari ɗaya duk nauyinsu ɗaya ne. Cikin 1913 Frederick Soddy na Jami'ar Gilasgo ya bayyana cewa ba haka abin yake ba: akan sami ƙwayoyi masu hali ɗaya da aiki ɗaya, amma wata ta ɗara wata nauyi kaɗan, kamar tagwayen da ba a bambanta su sai an ɗora su a sikeli. Ya kira su aisotof, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar wuri ɗaya. Cikin 1919 Francis Aston ya ƙera na'ura a Kambirij wadda ke ware su bisa ga nauyi, ita ce za a riƙa kira ma'aunin zarra a nan gaba. Kabon yana da aisotof biyu masu ɗorewa, watau waɗanda ba su rikiɗa komai daɗewa: mai nauyin 12 da mai nauyin 13. A cikin kowace ƙwaya 1,000 ta kabon, kamar 11 ne masu nauyin 13. Cikin 1939 Alfred Nier na Jami'ar Minisota da abokin aikinsa Earl Gulbransen suka gano cewa wannan rabo ba ɗaya ba ne a ko'ina: kabon ɗin da ke cikin dutsen farar ƙasa ya fi na itace yawan ƙwaya mai nauyi. Ashe dai kowane abu yana ɗauke da alamar inda ya fito, kamar yadda a da ake duban askar fuskar baƙo a san Bagobiri ne, ko Bakabe, ko Babarbare, tun bai buɗe baki ba.

Gida ɗaya suka tashi

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ilmin awon aisotof da sana'ar ƙera sinadaran fulorin a gida ɗaya suka girma, watau a aikin haɗa bom ɗin nukiliya na Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar 6 ga Afrilu 1938 wani saurayi mai shekara 27, Roy Plunkett, ma'aikacin kamfanin DuPont a jihar Niyu Jasi, ya buɗe tukunyar gas ɗin da yake gwaji da ita wajen neman sabon sinadarin firiji, sai iska ta ƙi fitowa, alhali nauyin tukunyar bai ragu ba. Da aka yanka ta da zarto sai aka tarar da wata farar hoda mai santsi wadda babu abin da ke narkar da ita. Ita ce daga baya aka sa wa suna Teflon. Wajen wannan lokaci kuma Joseph Simons na jami'ar jihar Fensilbaniya yana neman hanyar lulluɓe sarƙar kabon da fulorin, har ya gano yadda ake yi da ƙarfin lantarki. Da farko ba wanda ya san abin da za a yi da waɗannan kaya masu tsada, sai da yaƙi ya zo.

Masu haɗa bom suna bukatar su ware yuraniyam mai nauyin 235 daga mai nauyin 238. Nier ne cikin 1940 ya fara ware ɗan ƙanƙanin mai nauyin 235 da ma'aunin zarra nasa, aka gwada aka tabbatar shi ne mai tarwatsewa. Amma don a sami mai yawa sai an mai da yuraniyam iska, kuma hanyar yin haka ita ce a haɗa kowace ƙwayarsa da ƙwayar fulorin shida. Wannan iska tana cin kusan duk abin da ta taɓa, tun daga roba har man shafawar inji. Daga cikin 'yan abubuwan da suka iya jure mata akwai hodar Plunkett da sinadaran Simons, waɗanda ma'aikata suka riƙa kira kayan Joe don ɓoye sirri. Da su aka toshe mahaɗar bututai a babbar masana'antar Oak Ridge ta jihar Tenesi, Nier kuwa shi ya tsara na'urorin awo da na gano yoyo na wannan masana'anta. Harold Urey, wanda ya gano haidirojin mai nauyi a 1931, shi ne shugaban masu binciken ware aisotof a Jami'ar Kolombiya.

Akwai wani dalili na zaɓen fulorin wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za a komo kansa. Fulorin ba shi da tagwai. Aisotof ɗinsa mai ɗorewa ɗaya ne tak, mai nauyin 19. Saboda haka duk bambancin nauyin da aka gani a iskar nan, na yuraniyam ne, fulorin bai sa baki a ciki ba. Ga masu haɗa bom wannan babbar sa'a ce.

Da aka gama yaƙi sai kowa ya kama gabansa. Kamfanin 3M ya karɓi hanyar Simons, ya fara yin PFOA a ƙarshen shekarun 1940. Daga 1951 DuPont ya riƙa saye daga gare shi don haɗa Teflon a masana'antarsa da ke kusa da garin Parkersburg, bakin kogin Ohayo, a jihar Bajiniya ta Yamma, inda ma'aikata ke kiran sinadarin C8 saboda kabon takwas ɗin nan. Cikin 1956 aka fara sayar da Scotchgard mai hana yadi tabo. Cikin shekarun 1960 sojojin ruwan Amurka tare da 3M suka haɗa kumfar kashe gobarar mai, kuma bayan gobarar jirgin yaƙin Forrestal a 1967, wadda ta ci ran mutum 134, kumfar ta zama dole a jiragen ruwansu, ta bazu zuwa sansanonin soja da filayen jirgin sama. Lalle ta ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne. Amma shekara da shekaru ana atisaye da ita a fili, tana tsiyayewa cikin ƙasa. Wani abin mamaki kuma shi ne, a wancan lokaci hedkwatar 3M tana garin St. Paul ne, inda aka haifi Nier, ɗakin bincikensa kuwa yana Miniyafolis, garin da ke manne da shi. Maƙerin gubar da maƙerin ma'aunin maƙwabta ne, amma sai da aka yi kusan shekara 80 kafin ayyukansu su sake haɗuwa.

Yadda aisotof ya zama mai ba da shaida

A nasa ɓangaren, Urey ya koma Jami'ar Shikago, cikin 1947 ya bayyana dalilin da ya sa ƙwaya mai nauyi da marar nauyi ke rabuwa kaɗan-kaɗan duk sa'ad da abu ya ƙafe, ko ya daskare, ko ya haɗu da wani. A shekarar nan kuma Nier ya fitar da sabon fasalin ma'auninsa, wanda aka gina na'urorin baya a kansa. Almajirin Urey, Harmon Craig, ya auna kabon na abubuwa iri-iri a 1953, yana gwada su da ƙwanson wata tsohuwar halittar teku da aka tono a jihar Karolina ta Kudu, wanda ya zama mudun da duniya ta yarda da shi.

Wanda ya fara juya wannan ilmi a kan masu gurɓata duniya sosai shi ne Clair Patterson, shi ma tsohon ma'aikacin Oak Ridge ne. Shi shekarun duniya yake nema, kuma cikin 1956 ya ba da lissafin shekara miliyan 4,550 ta hanyar awon aisotof na dalma. To, a cikin wannan aiki ne ya ga duk abin da ya taɓa yana da dalma fiye da kima, har ƙurar ɗaki da ruwan teku. Ya bi diddigi ya gano daga man mota take, wanda tun 1923 ake zuba wa dalma, ya kuwa faɗa a fili cikin 1965, ya sha tsangwama a kai. Dalma tana da aisotof huɗu masu ɗorewa, kuma rabonsu ya danganta ga tsufan dutsen da aka haƙo ta, saboda haka ta mahaƙar Broken Hill a Ostireliya ba ta kama da ta jihar Mizuri a Amurka. A rabin ƙarshe na shekarun 1970 aka yi wani gwaji a yankin birnin Turin na Italiya: aka mai da dalmar man motar yankin ta Ostireliya zalla, sa'an nan aka riƙa auna iska da jinin mazauna. Sai ga askar Broken Hill ta bayyana a jininsu. Ba a cika samun shaida mai kaifi irin wannan ba.

Wani misali ya fi kusa da gida. Gero da dawa da masara da rake suna ɗaukar kabon daga iska ta wata hanya dabam da ta alkama da shinkafa da wake da yawancin itatuwa, saboda haka a cikin ƙwayar kabon 100,000, gero ya ɗara alkama da ƙwaya mai nauyi kamar 15 ko 16. Ƙudan zuma kuwa furannin itatuwa da ganyaye ya fi bi. Don haka in aka yi wa zuma algus da sukarin rake ko na masara, harshe na iya ruɗuwa, amma ma'aunin zarra ba ya ruɗuwa. Tun 1978 ake kama masu algus ɗin zuma a Amurka da wannan hanya.

A shekarar 1978 ɗin dai Dwight Matthews da John Hayes na Jami'ar Indiyana suka warware wata babbar matsala. Ruwan rijiya ko gurɓatacciyar ƙasa gauraye ne na abubuwa ɗaruruwa. Sai suka haɗa na'urar da ke tsefe gauraye ɗaya bayan ɗaya da wani siririn bututu mai zafi, wanda ke ƙone kowane sinadari ya mai da kabon ɗinsa iska, iskar kuma ta zarce cikin ma'auni. Ta haka kowane sinadari ya sami damar ba da tasa shaida shi kaɗai. Cikin 1995 masana a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka nuna cewa ruwan wanke maiƙon inji mai ɗauke da kulorin, wanda ya gurɓata rijiyoyi da yawa, na wani kamfani ya bambanta da na wani ta fuskar kabon da kulorin duka. Daga nan awon aisotof ya zama kayan aikin masu binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Gubar ta bayyana, mai ita bai bayyana ba

Duk wannan ci gaba bai taɓa sinadaran fulorin ba, ko da yake an daɗe da ganin ƙurarsu. Cikin 1968 Donald Taves na Jami'ar Rochester, wanda ke binciken fulorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo don lafiyar haƙori, ya tarar da wani fulorin na daban a jinin mutum, wanda ba ya sakuwa sai an ƙone jinin ya zama toka. Cikin 1976 shi da Warren Guy da Wallace Brey suka tara jini daga garuruwa biyar, suka sa abin da suka tace a na'urar maganaɗisu da ake kira NMR, suka ce abin ya yi kama da PFOA. Masanan 3M sun gane a cikin gida cewa PFOS nasu ne, amma maganar ba ta fito ba. Sai a ƙarshen shekarun 1990 wata ma'aikaciyar kamfanin, Kris Hansen, ta yi ta neman jini mai tsabta don ta daidaita na'urarta, ta rasa. Duk wanda aka kawo mata daga rumbunan adana jini yana da PFOS, sai wani tsohon jini na kuratan soja da aka ajiye tun wajen 1950. Cikin Mayu 2000 kamfanin ya ba da sanarwar zai daina yin sinadarin. Cikin 2001 John Giesy da Kurunthachalam Kannan suka same shi a jikin kifaye da tsuntsaye da farin beyar na yankin ƙanƙara, inda babu masana'anta ko ɗaya. Binciken gwamnatin Amurka na 2003 zuwa 2004 ya same shi a jinin fiye da kashi 98 cikin 100 na mutanen da aka auna.

Shari'ar da ta fasa ƙwai kuwa ta wani makiyayi ce, Wilbur Tennant, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da jujin DuPont kusa da Parkersburg. Shanunsa fiye da 150 suka mutu bayan sun sha ruwan rafin da ya ratso jujin. Lauya Robert Bilott ya shigar masa da ƙara a 1999. Kwamitin likitocin dabbobi shida, uku daga kamfani uku daga hukuma, ya ce laifin rashin iya kiwo ne. Abin da ya juya shari'ar shi ne takardu: kotu ta tilasta wa kamfanin ya miƙa kundayensa, shafi fiye da 110,000, Bilott ya zauna wata da watanni yana karantawa. A ciki ya ga cewa tun 1961 an san sinadarin yana kumbura hantar ɓera, kuma tun 1984 an auna ruwan famfon maƙwabta an same shi a ciki, ba a gaya musu ba. Daga baya aka ɗebi jinin mutum kamar 69,000 na yankin, kuma tsakanin 2011 da 2012 kwamitin masana uku ya danganta PFOA da cututtuka shida, cikinsu har da sankarar ƙoda, da ta 'ya'yan maraina, da hawan jinin masu ciki. Cikin 2017 aka sasanta ƙararraki kamar 3,550 a kan dala miliyan 671.

Ya kamata a lura da abu ɗaya game da wannan nasara. A Parkersburg masana'anta ɗaya ce, rafi ɗaya ne, kuma mai laifin ya rubuta laifinsa da hannunsa. Ba a bukaci mai bin sawu ba. Yawancin wurare ba haka suke ba. Alal misali a jihar Maine, cikin 2016 aka sami gubar a wata gonar shanun madara a garin Arundel, inda aka daɗe ana zuba laka daga matatar ruwan ƙazanta a matsayin taki da yardar hukuma. Manomin ya rasa kasuwar madararsa, kuma jihar ta hana wannan taki a 2022. Irin wannan laka tarkace ce: akwai na gidaje, akwai na masana'antu, akwai ruwan juji. Kowa na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa, in kuwa ba a tabbatar da kowa ba, kuɗin tace ruwa a kan mai shan ruwan yake faɗawa.

Alamar farko da masana suka dogara a kanta sifar sarƙar ce. Hanyar lantarki ta Simons tana da gargada, takan karya wasu sarƙoƙi ta sake ɗinka su da reshe, har ya zama kamar kashi 30 cikin 100 na PFOS ɗin 3M, da kamar kashi 22 na PFOA ɗinsa, masu reshe ne. Ɗaya hanyar kuwa, wadda DuPont ya bi sa'ad da ya fara yin nasa PFOA a jihar Karolina ta Arewa cikin 2002, tana ɗaura kabon bibbiyu ne a jere, sarƙar ta fito miƙaƙƙiya. Cikin 2004 Amila De Silva da Scott Mabury na Jami'ar Toronto suka yi amfani da wannan bambanci a kan hantar farin beyar don su gane hanyar da gubar ta bi ta kai can. Hanya ce mai amfani, har yau kuma ana bin ta, amma tana da rauni biyu. Na farko, tana nuna irin dabarar da aka yi amfani da ita ne, ba ta nuna kamfani, ga shi kuwa kamfanin Miteni a Italiya da wasu masana'antu a Sin duk sun bi hanyar lantarki. Na biyu, masu reshe sun fi saurin tafiya cikin ruwa, jiki kuma ya fi saurin fitar da yawancinsu, saboda haka rabon yana sauyawa a hanya. Aska ce mai gogewa.

Komowa kan fulorin

To, me ya hana a auna aisotof kamar yadda aka yi wa dalma da kulorin? A nan ne sa'ar masu haɗa bom ta zama rashin sa'ar masu bin sawu. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin dunƙulen PFOA fulorin ne, shi kuwa ba shi da tagwai, ba shi da abin faɗa. Haidirojin, wanda ke ba da shaida mai kyau a sauran sinadarai, an riga an kore shi daga sarƙar an sa fulorin a gurbinsa. Saura kabon, da oksijin kaɗan, da farar wuta a PFOS. Shi kuma kabon, bisa hanyar Hayes, sai an ƙone dunƙulen ƙurmus kafin a auna shi, alhali abin da aka yi musamman don ya gagari wuta ne. In bai ƙone duka ba awon ya ɓaci, in kuma ya ƙone sai fulorin ɗin da ya kuɓuce ya shiga cin bututun na'urar.

Cikin 2024 Cornelia Rasmussen da David Hoffman na Jami'ar Teksas da ke Austin suka buga wata hanya wadda ta kauce wa wutar gaba ɗaya. Sun koma ga na'urar NMR, irin wadda Taves da abokansa suka yi aiki da ita shekara 48 kafin nan. Yin amfani da ita wajen awon aisotof ba sabon abu ba ne, domin tun farkon shekarun 1980 Gérard Martin na birnin Nantes a Faransa ya yi haka don kama masu ƙara sukari a ruwan inabi. Yadda take aiki shi ne, akan sa samfuri cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika masa da igiyar rediyo, sai kowace ƙwayar fulorin ta amsa da irin tata murya. Wadda ke manne da kabon mai nauyin 12 takan amsa kai tsaye. Wadda ke manne da mai nauyin 13 kuwa, da yake shi ma yana da ɗan maganaɗisu nasa, sai amsarta ta rabu biyu. In aka gwada ƙarfin amsoshin sai a san rabon kabon a wannan gaɓa ta dunƙulen. Watau fulorin da ba shi da shaidar kansa ya zama mai ba da labarin maƙwabcinsa. Daɗin daɗawa, tsohuwar hanya lamba ɗaya take bayarwa, matsakaicin dukan dunƙule, wannan kuwa tana iya ba da lamba ga gaɓa-gaɓa. Tun da kabon ɗin wata gaɓa na iya fitowa daga iskar gas, na wata daga ɗanyen mai, kuma kowace dabarar haɗawa tana barin nata tabo, jerin lambobin ya fi lamba ɗaya wuyar yin karo da na wani. Sun gwada hanyar a kan wasu magunguna da wani maganin ƙwari masu ɗauke da fulorin. Akwai kuma dalilin kyautata zato: abin da ba ya ruɓewa, ana sa ran askarsa ba za ta sauya da yawa ba ko bayan shekara 30 a ƙarƙashin ƙasa.

Amma bai kamata a yi gaggawar kiɗa ganga ba. Na'urar NMR ba ta jin ƙaramin abu, tana bukatar samfuri mai ɗan yawa, gubar kuwa a ruwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Cikin Afrilu 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke wa PFOA da PFOS iyakar nanogiram 4 a kowace lita ta ruwan sha. Bisa wannan lissafi giram ɗaya ya isa ya kai lita miliyan 250 ga iyakar, kuma mai neman miligiram ɗaya tak daga irin wannan ruwa sai ya tace lita 250,000, watau cikin duro 1,250. A bakin magudanar masana'anta ko filin atisayen kashe gobara abin ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, saboda haka can ne hanyar za ta fara amfani. Sa'an nan kotu ba ta karɓar sabon awo sai ɗakunan bincike daban-daban sun maimaita sun sami abu ɗaya. Manyan ƙararrakin ma ba su jira shi ba: cikin Yuni 2023, ana gab da fara sauraron ƙarar garin Stuart na jihar Fulorida, 3M ya amince ya biya hukumomin ruwan sha aƙalla dala biliyan 10.3, DuPont da kamfanonin da suka fita daga cikinsa kuma dala biliyan 1.185.

Babbar matsalar da ta rage ita ce ta abin gwadawa. Mai duban aska ba ya gane Bagobiri sai in ya taɓa ganin Gobirawa. Gwajin Turin ya yiwu ne don dutsen Broken Hill yana nan, kowa na iya zuwa ya ɗebo. Gubar da ke cikin rijiyoyi yau kuwa an yi yawancinta ne tsakanin 1950 da 2002, a masana'antun da suka yi ta sauya masu kawo musu kaya, wasunsu ma an rufe su, Miteni tun 2018. Cikin Disamba 2022 kamfanin 3M ya ce zai bar wannan sana'a gaba ɗaya kafin ƙarshen 2025. Abin da ya saura na kayan shekarun can yana cikin ɗakunan ajiyar kamfanoni, da kwalaben tsofaffin ɗakunan bincike, da durorin kumfa a rumbunan sojoji da na 'yan kwana-kwana. Dokar Amurka ta ƙarshen 2019 ta umurci sojoji su daina amfani da wannan kumfa, kuma jihohi da dama sun shiga tattara tsofaffin durorin don a lalata su. Durorin nan galibi suna ɗauke da sunan kamfani da lambar haɗi a jikinsu, kuma kwalba ɗaya daga kowane duro ta ishi mai awo.